James Marion Sims

James Marion Sims (25 ga Janairu, 1813 – 13 ga Nuwamba, 1883) likitan tiyata ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi suna wajen ɗinke yoyon fitsari, wato hujin da doguwar naƙuda ke bari tsakanin mafitsara da farjin mace. Ana ce masa uban tiyatar mata ta zamani, sai dai har yau ana taƙaddama a kansa, saboda a jikin bayi mata baƙar fata ya koyi aikin.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a gundumar Lancaster da ke jihar South Carolina. Ya kammala karatun likita a Kwalejin Jefferson da ke Philadelphia a shekarar 1835. Jarirai biyun farko da aka kawo masa duk sun mutu a hannunsa, sai ya bar garinsu ya koma jihar Alabama. A 1840 ya zauna a birnin Montgomery.

Aikin yoyon fitsari

Daga 1845 zuwa 1849 Sims ya ajiye wasu bayi mata masu yoyon fitsari a wani ƙaramin asibiti da ya gina a bayan gidansa. Sunayen uku kawai ya bari a rubuce: Anarcha, Betsey da Lucy. Iyayen gijinsu ne suka miƙa masa su, domin doka ba ta ba baiwa ikon ƙin amincewa ba. Lucy ce ta farko, kuma ta kusa mutuwa bayan soson da ya bar mata don tsane fitsari ya jawo mata ruɓa. Anarcha kuwa sau talatin ya yi mata aiki. Duk wannan ba tare da maganin sa barci ba, ko da yake an nuna amfanin irin wannan magani a Boston tun 1846.

Abin da ya daɗe yana kayar da shi shi ne zaren siliki, wanda ke sa ciwon ya ruɓe, ɗinkin ya kwance. A 1849 ya gwada siririyar wayar azurfa a kan Anarcha, hujin ya rufe. Ya kuma ƙera ƙarfen buɗe farji don a ga wurin, wanda ya samo asali daga cokalin da ya lanƙwasa, da bututun da ke fitar da fitsari har ciwon ya warke. Ya wallafa hanyar a 1852. Ba shi ne farko ba: John Peter Mettauer na Virginia ya rufe irin wannan huji da wayar dalma tun 1838.

New York da Turai

Ya koma New York a 1853, ya kafa asibitin mata mai suna Woman's Hospital a 1855. Lokacin yaƙin basasar Amurka ya yi aiki a Turai, musamman a Faransa. A 1876 shi ne shugaban Ƙungiyar Likitocin Amurka. Ya mutu a New York yana da shekara 70.

Bayan mutuwarsa

An kafa masa mutum-mutumi a New York a 1894. Bayan zanga-zanga, hukumomin birnin sun cire shi daga Central Park a watan Afrilun 2018. A 2021 aka buɗe wani abin tunawa da Anarcha, Betsey da Lucy a Montgomery.

Cutar ta yi ƙaranci sosai a Amurka bayan tiyatar ciro jariri ta wadata, amma tana nan a arewacin Najeriya. Ana yin aikin a Babbar Ruga da ke Katsina, da asibitin Murtala Muhammad na Kano, da cibiyar Gesse a Birnin Kebbi. Idan mafitsara ta lalace yadda ba za ta ɗinku ba, likitoci kan karkatar da fitsarin zuwa wata jaka da suke yi da hanji, matar ta riƙa riƙe shi da tsokar dubura.