Emma Cons: Matar da ta kori barasa daga gidan wasan Old Vic

A yau gidan wasan kwaikwayo na Old Vic da ke birnin Landan yana cikin waɗanda suka fi suna a Birtaniya, amma matar da ta ceto shi daga lalacewa ba 'yar wasa ba ce. Mai karɓar kuɗin haya ce a unguwannin talakawa.

An haifi Emma Cons a Landan a shekarar 1838. Ta koyi zane, ta kuma gwada sana'o'in hannu, ciki har da zanen gilashi da yi wa agogo ado, sai dai maza masu waɗannan sana'o'i ba su yi maraba da ita ba.

Daga bisani ta shiga aiki tare da Octavia Hill, wadda ta shahara wajen gyara gidajen talakawa. A shekarar 1879 Emma ta kafa nata kamfanin samar da gidaje masu arha a unguwar Lambeth, kudu da kogin Thames.

Zagayen karɓar haya ne ya nuna mata ɓarnar da barasa ke yi. Magidanta kan ƙarar da albashinsu a gidajen kiɗa da shaye-shaye a daren Asabar, su koma gida su huce a kan matansu.

Gidan da ya zubar da mutunci

An buɗe gidan wasan ne a 1818 da sunan Royal Coburg, aka sake masa suna zuwa Royal Victoria a 1833.

A wancan zamani doka ta keɓe wa wasu 'yan gidaje kamar Drury Lane da Covent Garden ikon nuna manyan wasanni, don haka sauran suka dogara da wasannin ban tsoro da na tashin hankali. An soke dokar a 1843, amma gidan ya ci gaba da zama matattarar mashaya.

Emma ta yi imanin cewa wa'azi kaɗai ba zai raba talaka da mashaya ba, sai an ba shi wani wurin da zai je ya huta. A watan Disamba na 1880 ta sake buɗe gidan, inda aka haramta barasa, aka koma sayar da shayi da gahawa, aka kuma tsabtace abin da ake nunawa.

Da farko asara aka riƙa tafkawa, domin ribar irin waɗannan gidaje daga barasa take fitowa. Wani attajirin masaƙu kuma ɗan majalisa, Samuel Morley, shi ne ya tallafa da kuɗi a 1884.

Daga lacca zuwa kwaleji

Tun 1882 aka fara gabatar da laccocin kimiyya a gidan, a kan kuɗin shiga kaɗan. Da ma'aikata suka nemi ƙarin ilimi, sai aka buɗe musu azuzuwan dare a ɗakunan da 'yan wasa ke sauya tufafi.

Waɗannan azuzuwa ne suka zama Kwalejin Morley a 1889, wadda ta karɓi maza da mata.

A wannan shekarar ce kuma aka naɗa Emma a majalisar gundumar Landan, ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami. Sai dai masu adawa sun garzaya kotu, aka yanke hukuncin da ya hana mata kaɗa ƙuri'a a majalisar. Sai a 1907 doka ta buɗe musu wannan ƙofa.

Abin da ta bari

Emma Cons ta rasu a watan Yuli na 1912 tana da shekaru 74. A zamaninta gidan bai nuna cikakkun wasannin kwaikwayo ba, kaɗe-kaɗe da laccoci ne suka fi yawa.

Lilian Baylis, ɗiyar 'yar'uwarta, wadda ta baro Afirka ta Kudu ta soma taimaka mata a 1898, ita ce ta gaje ta. Ta fara nuna wasannin Shakespeare a 1914, a kan farashin da talaka zai iya biya.

A 1963 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Laurence Olivier, ta fara aiki a wannan gida, ta zauna a ciki har zuwa 1976. Kwalejin Morley kuwa tana nan a Lambeth, tana koyar da manya.