Joe Shuster, Mai Zanen Superman

An haifi Joe Shuster a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1914. Iyayensa talakawa ne. A 1924 suka ƙaura zuwa Cleveland a Amurka, inda ya haɗu da Jerry Siegel a makarantar sakandare. Siegel yana tsara labari, Shuster yana zanawa, da haka suka ƙago Superman.

A 1938 suka sayar wa kamfanin Detective Comics labarin, har da haƙƙin mallakarsa, a kan dala 130 kacal. Ya fito a mujallar Action Comics ta farko, kamfanin kuwa ya yi ta kwasar dukiya. Da suka kai ƙara a 1947, ba a mayar musu da Superman ba, sai ma aka cire sunayensu daga mujallar. Idanun Shuster suka raunana, zane ya gagare shi, ya koma aikin kai saƙo. Sai a 1975 aka yanka wa kowannensu dala 20,000 duk shekara, aka kuma amince a mayar da sunayensu.

Ya mutu a Los Angeles a 1992. A 2024 aka yi gwanjon kwafi ɗaya na waccan fitowa ta farko a kan dala miliyan 6.