Robert Bosch da Tartsatsin Injin Mota

Wannan makon mun ɗauko tarihin mutumin da muke ganin sunansa a jikin fulogi a shagunan kayan gyaran mota.

An haifi Robert Bosch a 1861 a ƙauyen Albeck da ke ƙasar Jamus, shi ne na 11 cikin 'ya'ya 12. Ya koyi aikin ƙera na'urori, ya je Amurka ya yi aiki a kamfanin Edison, sannan ya buɗe ɗan shagonsa a birnin Stuttgart a 1886. Shekarun farko ya sha wuya, har ta kai shi ga sallamar yawancin ma'aikatansa.

Tartsatsi ne ya fid da shi. Injin fetur ba ya aiki sai an kunna wa haɗin fetur da iska wuta a cikin silinda. Wasu motocin wancan zamani da bututu mai jan zafi ake kunna su, ga harshen wuta kusa da mai, ga haɗarin gobara. A 1897 shagon Bosch ya ɗaura wa abin hawa maganeto, na'urar da ke samar da lantarki daga juyawar injin. A 1902 injiniyansa Gottlob Honold ya ƙera mai ƙarfin da ke tura wuta zuwa fulogi. Mun ga ya dace mu ambaci Honold, don ana yawan mantawa da shi.

Samun tartsatsin rabin aiki ne, sauran rabin lokacinsa. Mai yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya cinye, don haka dole wutar ta zo gab da fistin ya kai ƙololuwa. In injin ya ƙara gudu, sai ta ƙara sammako. In ta yi gaggawa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace. In ta makara, mota ta rasa ƙarfi, ta sha mai a banza. Direbobin da, da hannu suke saita wannan, da wani ɗan mariƙi a jikin sitiyari.

Bosch ya rage wa ma'aikatansa aiki zuwa awa 8 tun 1906, ya kuma gina asibiti a Stuttgart. Ya rasu a 1942. A 1979 kamfaninsa ya fito da Motronic, ƙaramar kwamfuta mai karanta gudun injin da nauyin aikinsa, ta zaɓar wa kowane tartsatsi lokacinsa. Irinta ce makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota.