Alhassan Ɗantata, Marayan Da Ya Kafa Gida

Dukanmu mun san sunan gidan Ɗantata na Kano, amma kaɗan ne cikinmu suka san inda sunan nan ya fito.

An haifi Alhassan a Bebeji cikin shekara ta 1877. Ubansa Abdullahi madugu ne, daga cikin Agalawa masu fataucin goro a hanyar Gwanja. Yaron yana da shekara takwas sa'anda uban ya rasu. Uwa tasa kuwa ta tashi zuwa Akara a bakin teku, ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa, sunanta Tata. Ita ce ta goye shi, ta koya masa tattali da ajiya, har mutane suka shiga ce da shi Ɗan Tata.

Wahala ba ta ƙare nan ba. Cikin yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1894 aka kama shi, sai da aka fanshe shi. Bayan wannan ya bi fatake zuwa kudu, ya shiga cinikin goro, yana aika kayansa Ikko ta jirgin ruwa.

Sa'anda jirgin ƙasa ya iso Kano, kasuwar gyaɗa ta buɗe, shi ma ya komo, ya gina gidansa a wajen Koki. Kamfanonin Turawa suka sa shi ya riƙa saya musu gyaɗa, gama manoma da dillalai sun amince da shi. Gidan nan ya yi ta faɗi, ya cika da iyali da barori da baƙi. A 1929, raƙuma ashirin ne suka kai kuɗinsa na azurfa banki a Kano.

Da ya ga ƙarfinsa ya ƙare, ya tara 'ya'yansa, ya gargaɗe su kada su rarraba kasuwancin, su kuma riƙe zumunci. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa a Sarari. Aliko Ɗangote, mai masana'antun siminti da sukari, tattaɓa kunnensa ne.

Ya ku masu karatu, mu lura da wannan. Babban gidan nan ba da sunan madugu ake kiransa ba, sai da sunan baiwar da ta riƙi maraya. Kada fa mu rena yaron da aka bari a hannunmu.