James Jamerson

James Lee Jamerson (29 ga Janairu 1936 – 2 ga Agusta 1983) makaɗin jitar bas ne ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a tsibirin Edisto da ke jihar Carolina ta Kudu. A shekarar 1954 ya koma birnin Detroit, inda ya koyi kaɗa babban bas na tsaye a makarantar sakandare.

Daga 1959 ya fara aiki da kamfanin faifai na Motown, cikin rukunin makaɗan Funk Brothers. Shi ya kaɗa bas a waƙoƙi irin su "My Girl" da "Bernadette". A lokacin kamfanin ba ya rubuta sunayen makaɗa a jikin faifai. Sai a 1971 sunansa ya fito a kundin What's Going On na Marvin Gaye.

Da ɗan yatsa guda, manuni, yake taɓa tsirkiyar jitarsa ƙirar Fender Precision. Ba ya tsayawa kan maimaita sauti ɗaya; kiɗansa yakan zama kamar wata waƙa ce a ƙarƙashin muryar mawaƙi.  Littafin Allan Slutsky na 1989, Standing in the Shadows of Motown, ya tattara kiɗe-kiɗensa a rubuce.

Bayan Motown ya ƙaura zuwa Los Angeles a 1972, ya bi shi can, amma shan giya ya raunana shi, aiki ya ragu. A can ya rasu yana da shekara 47.