8 ga Fabrairu: Bakhita, Yarinyar da Aka Raba da Sunanta

Karatu: Ishaya 43:1-7

Yau ce ranar da ’yan’uwanmu na Katolika a Sudan da sauran duniya suke taruwa a majami’unsu domin tunawa da Josephine Bakhita. Mu ba ma yin addu’a ga waɗanda suka riga mu, amma Ibraniyawa 13:7 ta koya mana mu dubi ƙarshen zamansu, mu yi koyi da bangaskiyarsu.

Kai da ke zaune a ƙauyukan Hausawa na Jazira, ko a bakin kogi wajen Sinnar da Mai Wurno, ka san hanyar da Hausawa suka bi da ƙafa daga yamma, ta Darfur da Kordofan. A can Darfur aka haifi wannan yarinya wajen 1869, cikin kabilar Daju. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta. Tsabar firgita ta sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka kama ta suka sa mata Bakhita, wato mai sa’a da Larabci. Ka ji irin ba’ar mugaye!

An sayar da ita hannu zuwa hannu, daga Al-Ubayyid har Hartum. A wani gida aka tsattsaga jikinta da aska har sau 114, ana cusa gishiri a raunukan. A 1883 wani jami’in Italiya a Hartum, Callisto Legnani, ya saye ta. A 1885 ya tafi da ita ƙasarsu ta tashar Sawakin, inda ta zama mai renon ’yar waɗansu abokansa.

A birnin Benis aka ajiye ta wurin sistocin Canossa, nan ta ji bishara. Tun tana ƙarama takan dubi wata da taurari, tana marmarin sanin mai su. Yanzu ta san shi, ta kuma ji cewa shi ma an yi masa bulala, an sayar da shi a bakin azurfa talatin. Da uwargijiyarta ta zo ɗaukarta, ta ƙi tafiya. Ran 29 ga Nuwamba 1889 hukuma ta yanke cewa ita ’ya ce. Ran 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma, a 1896 kuma ta keɓe kanta ga aikin Ubangiji.

Daga 1902 ta zauna a garin Skiyo fiye da shekara 40, tana girki, tana gyaran ɗakin sujada, tana tsaron ƙofa. Tabon nan bai goge ba, ba ta kuma sāke ganin mahaifiyarta ba. Duk da haka ta gafarta wa waɗanda suka azabtar da ita, tana yi musu addu’a har ta huta ran 8 ga Fabrairu 1947. A 2000 Ikkilisiyar Katolika ta sa ta cikin tsarkaka, tun 2015 kuma ranarta ta zama ranar addu’a a kan fataucin mutane.

Ɗan’uwana, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya shigo har Wad Madani da ƙauyukan Jazira. Wataƙila ya raba ka da gida da gona, yanzu ana kiranka ɗan gudun hijira, kamar ba ka da suna. Wataƙila ka san fuskar wanda ya cuce ka. Gafara ba ta mai da mugunta gaskiya. Bakhita ta ƙi komawa bauta. Amma ta ƙi barin ƙiyayya ta zama ubangidanta na ƙarshe. Wanda ya halicce ka ya san sunanka, ya fanshe ka da jinin Ɗansa. Yau ka kawo masa sunan wanda ka kasa yafe wa.

Addu’a: Ya Uba, ka tuna da waɗanda aka sace da waɗanda aka kora. Ka ba Sudan salama, ka ba ni zuciyar gafara. Cikin sunan Yesu, amin.