Tarihin Meri Silesa, Uwar Tagwaye

An haifi Meri Silesa a birnin Abadin na ƙasar Sikotlan ran 2 ga Disamba 1848. Ubanta baduku ne mai ɗinkin takalma, amma giya ta fi ƙarfinsa, har talauci ya kore su zuwa garin Dundi cikin 1859. Nan ta shiga masaƙa tana da shekara 11, rabin yini ga aiki, rabi ga makaranta. Da ta kai shekara 14 sai ta koma yin aikin sa'a 12 kullum, ladan kuwa hannun uwarta ya ke zuwa, don ƙannenta su sami abin sa wa baka.

Uwar nan tata Kirista ce mai riƙon addini. Ita ta koya mata cewa Almasihu ya hori mabiyansa su ƙaunaci maƙwabci kamar ransu, su kuma ɗauki wahala domin wani ya huta. A bakinta kuma ta fara jin labarin mishan da aka kafa a Kalaba tun 1846. Saboda haka cikin 1876 ta shiga jirgin ruwa ta nufo Kalaba.

Da zuwanta ta duƙufa ga koyon harshen Efik, har ta iya shi kamar 'yar ƙasa. Ta bar cimar Turawa, ta koma cin doya da ayaba, tana kwana a ɗakin laka, don ta rage wani abu daga albashinta ta aika wa uwarta da ƙanwarta. Zazzaɓi ya sha ka da ita, har aka mai da ita gida jinya, amma da ta sami sauƙi sai ta komo.

A zamanin nan, a wannan yanki, haihuwar tagwaye abin tsoro ce. Mutane sun ɗauka ɗayansu ɗan iska ne, tun da kuwa ba a san ko wanne ba, sai a sa su duka biyu cikin tulu a yar a jeji, a kori uwar daga gari. Ba ita ta fara yaƙi da wannan al'ada ba, gama 'yan mishan da suka riga ta, da waɗansu sarakunan Efik, sun daɗe suna fama. Abin da ta yi shi ne, da ta ji labarin haihuwa, ko dare ko rana, sai ta sheƙa ta ɗauko jariran ta reno a ɗakinta, har jama'a suka gani da idonsu ba wani bala'i da ya sauka. Da yawa daga cikinsu ta riƙe su 'ya'ya har suka girma.

Cikin 1888 ta ƙaura zuwa ƙasar Okoyong, inda baƙi ke tsoron shiga, ta zauna a ƙauyen Ekenge. Can in babban mutum ya mutu, akan ce maita ce, a ba waɗanda a ke tuhuma wani wake mai dafi su ci, wai mai gaskiya zai amayar ya tsira. Sa'ad da gungumen itace ya faɗa wa ɗan sarkin garin ya mutu, aka kamo mutanen wani ƙauye aka ɗaure su da sarƙa, za a kashe. Meri ta zauna tare da ɗaurarrun nan kwana da kwanaki, tana roƙo tana gardama, ba ta da makami sai bakinta. A ƙarshe aka sake su, aka yanka saniya a maimakonsu.

Wani malamin mishan, Cales Morison, ya nemi aurenta, ta kuwa yarda, bisa sharaɗin ya zo su zauna a Okoyong. Shugabannin mishan suka ƙi sakinsa daga Kalaba. Ga abin da ranta ke so, ga kuma mutanen da suka dogara gare ta, sai ta zaɓi mutanen. Ba ta yi aure ba har ta mutu.

Cikin 1892 Gwamnati ta ba ta ikon shari'a a Okoyong, cikin 1905 kuma aka naɗa ta mataimakiyar shugaban kotun gargajiya ta Ikot Obong. Ba ta bukatar tafinta, saboda haka ba mai shiga tsakaninta da mai ƙara ya juya magana. Takan zauna tun safe har dare tana saƙa da hannu, tana sauraron kowa sai ya ƙare zancensa, bawa ne ko mai gari. Albashin da aka yanka mata na wannan aiki ta ƙi karɓa don kanta. Ta ajiye muƙamin cikin 1909, da ciwon gaɓoɓi ya ci ƙarfinta, amma ba ta bar ƙasar ba.

Ta rasu a ƙauyen Use ran 13 ga Janairu 1915, tana da shekara 66, ba ta bar wata dukiya ba sai 'ya'yan riƙo. Aka ɗauko gawarta cikin jirgi ta Kogin Kuros, aka binne a Kalaba.

To, ma'aikaci, ko alƙali ne, ko ma'aji, ko malamin haraji, in ya duba tarihin matar nan zai ga ba muƙami ya jawo mata amincewar jama'a ba. Sai da ta shekara 16 tana cin abin da su ke ci, tana tsaron ransu da nata, kana aka ba ta kujera. Da ta hau kuma ba ta mai da ita wurin ci ba. Talaka yakan gane wanda ya zauna dominsa da wanda ya zauna domin cikinsa, shi ya sa mutanen ƙasar nan suka riƙa kiranta Uwa.